Tsoho Daban, Matacce Daban



Mu biyar ne muka haɗa kuɗi bayan ƙaramar Sallah don mu sayi firinta. Duk wanda ya taɓa kai rubutun littafi mai shafi 200 shagon buga takardu, ya biya kuɗin kowane shafi, ya dawo gida ya tarar da kurakurai cike da babi na uku, ya gyara ya sake komawa, ya san abin da ya kai mu. Sabuwa ta fi ƙarfinmu. Ɗayanmu yana cikin wani zauren gwanjo na intanet inda ake saka kayan ofis na hannu duk daren Juma'a, a yi ta tayi har ƙarfe goma, wanda ya fi kowa tayi ya ɗauka. A can muka ga wata firinta mai aiki da garin tawada. Hoto uku aka saka, a ƙasa aka rubuta: "Tana aiki lafiya lau, an gwada. Kaya in ya fita ba ya dawowa." Muka taya, wani ya ɗara mu, muka ƙara, ya sake ɗarawa, har ta faɗo hannunmu a naira 140,000. A daren muka tura kuɗin kai tsaye asusun mai kayan. Bayan kwana huɗu direba ya kira mu tasha.

Ta buga shafi shida. A na bakwai takarda ta maƙale, da muka zaro ta kuma muka ga rubutun yana gogewa da yatsa kamar toka. Mai gyara ya buɗe ya ce hitar da ke narka garin tawada ta manna shi a jikin takarda ta gama aiki tuntuni, kuma an taɓa kwance ta an yi mata kwaskwarima, irin wadda za ta iya ɗaukar 'yan shafuka kafin ta sake zubewa. Da muka tuntuɓi mai kayan, amsarsa layi biyu ce: "Malam, ai ta hannu ce, kun sani. Kuma na rubuta ba a dawowa."

Nan kanmu ya rabu. Biyu daga cikinmu suka ce a bar wa Allah, ƙaddara ce, wanda ya yi cinikin biri a sama ai ya san abin da ya taka. Ɗaya ma ya ce abin kunya ne a ji marubuta suna ja-in-ja a kan tsohuwar firinta. Wannan maganar ce ta sa muka ɗauko batun yau, domin mun lura ba mu kaɗai ba ne. Kusan duk matashin marubucin da muka sani da kayan hannu yake aiki: kwamfutar tafi-da-gidanka 'yar Landan, waya ta hannu, kyamara, na'urar ɗaukar murya don masu karanta labaransu a YouTube. Kuma kusan duk wanda ya ƙone a cikinmu shiru yake yi, saboda ya yarda a ransa cewa mai sayen tsoho ba shi da bakin magana.

Ra'ayinmu shi ne yana da shi. Wanda ya sayi tsoho ya yarda da tsufa: ƙarzuwa a jiki, maɓallin da ya koɗe, batirin da ba ya kai yadda yake kaiwa da. Bai yarda da mutuwa ba sai in an faɗa masa. Bambancin tsakanin biyun kuwa ba a jikin na'ura yake ba, yana cikin kalmomin da mai sayarwa ya rubuta a talla.

Akwai labarin da kamfanin eBay yake yawan bayarwa game da farkonsa. A 1995 Pierre Omidyar ya buɗe shafin gwanjo da ya kira AuctionWeb, ya saka wata 'yar fitilar nuni da ta lalace, ya kuma rubuta ƙarara cewa ta lalace. Wani ya saye ta a dala 14.83. Omidyar ya tuntuɓe shi don ya tabbatar ya gane matacciya ce, mutumin ya nuna ya sani, haka yake so. Ba wanda aka cuta a wannan ciniki. Mataccen kaya ma yana da kasuwa, masu gyara suna nemansa don su ciri abin da ke da rai a ciki. Har yau eBay ya ware rukuni biyu: akwai na kayan da aka yi amfani da shi, wanda ƙa'idarsu ta ce dole ya kasance yana aiki yadda aka ƙera shi ko da jikinsa ya nuna tsufa, akwai kuma na kayan da ba ya aiki, wanda ake sayarwa don cire kayan gyara. Wanda ya saka matacce a rukunin farko ya saɓa bayaninsa, kuma tsarin mayar da kuɗi na kamfanin yana aiki a kansa ko da ya rubuta cewa ba ya karɓar kaya in sun fita. Mai saye yana da kwana 30 daga isar kayan ya shigar da ƙorafi, mai sayarwa yana da kwana uku na aiki ya amsa, in bai warware ba a kira kamfanin ya raba gardama. Kuɗin aika kayan baya ma a wuyan mai sayarwa yake.

Ba sai mun je Amurka ba kafin mu sami wannan hukunci. Waɗanda suka zauna a makarantar zaure suka karanta babin ciniki a Risala ta Ibn Abi Zaid sun san malaman Malikiyya sun daɗe da gama magana a kai. Ɓoye aibi haramun ne. Wanda ya sayi abu ya tarar da tsohon aibin da ba a nuna masa ba yana da zaɓi, ya riƙe a haka ko ya mayar ya karɓi kuɗinsa. In kuma wani sabon lahani mai yawa ya sami kayan a hannunsa, yana iya riƙewa a rage masa daidai ƙimar tsohon aibin, ko ya mayar ya biya abin da ya lalace a wurinsa. Sharaɗin da mai kaya zai gindaya cewa ya kuɓuta daga kowane aibi ba ya wanke shi daga aibin da ya sani ya ɓoye. Wato wancan layi na "kaya in ya fita ba ya dawowa" ba ya goge layin da ke samansa na "tana aiki lafiya lau, an gwada". Mutum ba zai yi alkawari a jimla ta farko ya janye shi a ta biyu ba, sannan ya riƙe kuɗin da alkawarin ya jawo masa.

Gwanjo shi kansa halal ne a wurin malaman, abin da suka hana shi ne najashi, wato a sa wani ya riƙa ƙara tayi ba don yana son saye ba, sai don ya tunzura na gaske. Mun tuna mutumin da ya yi ta ɗara mu a daren nan, wanda ba mu sake ganin ya taya komai ba. Zato ne kawai muke da shi, kuma zato ba hujja ba ne, don haka ba mu sa shi a ƙorafinmu ba. Amma a zauren da ba a san fuskar kowa ba, mai kaya yana iya taya kayansa da lambar ƙaninsa. Tun daga ranar muka koyi yanke iyakar kuɗinmu kafin a fara tayi.

Dokar ƙasa ma tana gefen mai saye. A farkon 2019 aka sa hannu a dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC. Ta ba mai saye haƙƙin samun kaya mai inganci da zai yi aikin da aka saye shi dominsa, ta kuma ba shi damar mayar wa ɗan kasuwa kayan da ya gaza cikin wata uku, a gyara, a canza, ko a biya shi. Hukumar ta sha faɗa cewa rubuta "ba a mayar da kuɗi" a rasit ko a bangon shago ba ya soke wannan haƙƙi. Mutumin da ke saka kaya a gwanjo duk mako ɗan kasuwa ne, ko ba shi da shago. Akwai kuma kotunan ƙananan ƙararraki, waɗanda aka buɗe a Legas a 2018 da Kano a 2019, inda ba dole sai da lauya ba, kuma an tsara su a gama shari'a cikin kwana 60. Mun san mai bin naira 140,000 a hannun wanda ke wani gari mai nisa zai yi lissafin kuɗin mota kafin ya doshi kotu. Duk da haka, sanin cewa ƙofar tana nan yana canza yadda ake amsa maka waya.

To in haƙƙin yana nan a fiƙihu, yana nan a doka, yana nan a ƙa'idar manyan shafuka, me ya sa muke rasa shi? Da hannunmu muke zubar da shi, kuma mu biyar ɗin nan mun yi kusan duk kurakuran da ake yi.

Mun tura kuɗi kai tsaye asusun mutum. Kuɗin da ka tura da kanka, da yardarka, banki ba ya dawo maka da shi don kawai kayan da ka saya bai yi ba. Wanda ya biya da kati a shafin da ke da tsari yana da wata hanya, bankinsa na iya ƙalubalantar biyan ta hannun kamfanin katin, galibi cikin kwana 120. Shi ya sa duk mai kayan da ya ce ka fito daga shafi ku ƙarasa a waya zai rage maka wani abu, kariyarka yake saye da wannan ragi. Haka wanda ya ce ka tura masa ta PayPal a matsayin kyauta ga ɗan uwa ko aboki: irin wannan biya ba ya cikin abin da kamfanin ke karewa.

Mun kuma kai ta wurin mai gyara ya kwance ta kafin mu sanar da mai kayan. Wannan ne ya fi cutar da mu. Da ya ji an buɗe, sai ya samu abin kamawa: wa ya sani ko mai gyaranku ne ya lalata, ko ya cire mai kyau ya sa mara kyau? Kuma gaskiya tambayarsa ba ta banza ba ce. Akwai masu sayen da ke yin haka, su cire batiri mai rai su mayar da matacce, su ce a biya su. Da mun ɗauki bidiyo tun daga yanke igiyar kwali har zuwa shafi na bakwai, da lambar jikin na'urar a bayyane, da bai samu wannan ƙofa ba. Su ma malaman fiƙihu sun ce wanda ya ga aibi ya ci gaba da amfani da kaya, ana ɗaukar hakan a matsayin ya yarda. Da ka ga matsala, ka tsaya, ka ɗauki shaida, ka yi magana a ranar.

Masu saye daga ƙasar waje suna da wani rami na daban da ba kowa ya san shi ba. Yawancinmu ba Kano ko Zinder ake aiko mana kaya kai tsaye ba. Adireshin wani kamfanin jigila a Amurka ko Ingila muke bayarwa, shi ya tara ya turo. A lissafin eBay, kaya ya isa ranar da ya shiga wancan adireshi, daga nan kwana 30 ke fara tafiya, kuma ƙa'idarsu ta cire kayan da aka sake turawa wani wuri bayan isarsa ta farko. Kafin kwamfutarka ta sauka a hannunka, ƙofar ta rufe. Mafitar da muka sani ita ce a sami wanda zai kunna ta a can, ɗan uwa ko kamfanin jigilar in yana yin wannan hidima, a gwada ta kafin ta hau jirgi. Sannan a duba wuta. Lantarkin Amurka bai wuce ƙarfin 120 ba, namu 230 ne. Cajar kwamfuta tana ɗaukar duka biyun, amma firinta mai garin tawada da aka ƙera don Amurka ba ta ɗauka. Wanda ya jona ta a bangonmu ba tare da na'urar rage wuta ba ya ji ƙauri, shi ya kashe ta, ba shi da abin da zai bi kowa.

Gwajin ma ba wuya gare shi ba, rashin sani ne. Irin wannan firinta tana riƙe lissafin duk shafin da ta taɓa bugawa, kuma tana iya buga maka takardar da ke nuna adadin. Da mun ce a ɗauko mana hoton wannan takarda kafin tayi, da mun san tsohuwar da muke aure. Kwamfuta mai Windows, in ka rubuta powercfg /batteryreport a wurin ba da umarni, za ta nuna maka ƙarfin da aka ƙera batirin da shi da wanda ya rage masa. Kyamara tana ƙirga hotunan da ta ɗauka. Wayar iPhone ko MacBook da ke ɗaure da asusun iCloud na tsohon mai ita, in bai cire ba, ka sayi madubi. Duk waɗannan tambayoyi ne da ake yi a rubuce kafin a taya, domin amsar da mai kaya ya bayar a rubuce ta zama ɓangaren bayaninsa. Mai gaskiya ba ya jin haushin tambaya. Wanda ya ce ba shi da lokacin ɗauko hoto ya riga ya ba ka amsa.

Yanzu ga ɓangaren da ya fi ba mu kunya a matsayinmu na masu riƙe alƙalami. Saƙonmu na farko zuwa ga mai kula da zauren sakin layi huɗu ne. Mun zuba karin magana, mun tuna wa mai kayan kabari da hisabi, mun ba da tarihin yadda muka tara kuɗin, mun kira shi da sunan da bai kamata ba. An karanta, aka ce mu yi haƙuri. Wata 'yar uwarmu da ta taɓa aikin akawu ta karɓa ta sake rubutawa cikin layi bakwai. Ranar gwanjo da kuɗin da aka biya. Ainihin kalmomin tallar, da hoton allon da ɗayanmu ya yi sa'ar ɗauka kafin a goge ta. Ranar da kaya ya iso da abin da ya faru a shafi na bakwai. Abin da mai gyara ya gani, da kuɗin da ya ce sabuwar hita za ta ci. Amincewa cewa mun buɗe ta kafin mu sanar. Abin da muke nema: a karɓi kaya a dawo da kuɗi, ko a biya kuɗin gyara. Sai wa'adin kwana bakwai, da bayanin cewa bayansa za mu kai wa hukumar kare haƙƙin masu saye. Babu zagi ko ɗaya a ciki, kuma shi ne aka amsa. Mai raba gardama ba ya neman sanin zafin da ka ji, yana neman abu biyu da zai ajiye gefe da gefe: abin da aka ce, da abin da aka kawo. Mu da muke kwana muna gyaran jimlolin junanmu a nan, ya kamata a ce mun fi kowa iya ganin tazarar da ke tsakanin "an gwada" da "ta kunna da na jona".

Ga masu cewa a bar wa Allah, muna girmama haƙuri, kuma wanda ya yafe bayan ya san haƙƙinsa ya yi abu mai kyau. Amma shirun da ke fitowa daga kunya ba kansa kaɗai mutum yake cuta da shi ba. Wani masanin tattalin arziki, George Akerlof, ya yi rubutu a 1970 a kan kasuwar tsofaffin motoci, wanda yana cikin abin da ya sa aka ba shi kyautar Nobel a 2001. Abin da ya nuna shi ne, in mai saye ba ya iya bambance mai kyau da mara kyau, zai taya duka da matsakaicin kuɗi, ƙasa da ƙimar mai kyau, don tsoron ƙonewa. Mai kaya mai kyau ya ga ba riba ya janye, kasuwa ta rage sai tarkace. Wanda ya san zaurukan gwanjonmu ya ga haka da idonsa: kowa yana taya kaya rabin kuɗinsa, kowa yana zargin kowa. Duk ha'incin da aka haɗiye ba a yi magana ba, mai sayarwa na gari ne ke biyan kuɗinsa a mako mai zuwa.

Shi ya sa muke ganin masu kula da irin waɗannan zauruka ba za su ci la'ada su ce ba ruwansu ba. A kasuwar dabbobi dillali ba haɗa mai saye da mai sayarwa kawai yake yi ba. Shi ne shaida, shi ake nema in saniya ta zama ta sata ko ta fito da ciwon da aka ɓoye, kuma don wannan nauyi ake ba shi la'ada. Wanda ya buɗe zauren gwanjo a waya ya hau kujerar dillali. Mafi ƙarancin abin da ya kamata ya yi shi ne ya san mai sayarwa da inda yake, ya hana goge talla bayan ciniki ya faɗa, ya kuma riƙe kuɗi a hannunsa har kwana biyu bayan kaya ya isa, sannan ya saki. Masu sayarwa za su ce ana daƙile musu jari, kuma akwai gaskiya a ciki. Amma kwana biyu bai kai asarar da suke yi yanzu ba, inda ake taya kayansu mai kyau da kuɗin matacce.

Mu dai ba mu sami duk abin da muka nema ba. Mai kayan ya ƙi karɓar firintar saboda an buɗe ta, kuma mai kula da zauren ya ga yana da hujja a nan. Aka tsaya a kan ya biya kuɗin hita, mu mu biya kuɗin aiki. A rana ta shida ya turo, ba tare da ko kalma ɗaya ba. Bayan an gyara, abu na farko da muka sa ta buga shi ne takardar lissafin shafukanta, muka manna ta a bango kusa da ita, tare da hoton tallar.